Yadda Za Ka Kare Bariyatar Injinka Daga Zafin Maradi

Duk mai famfon rijiyar burtsatse, ko injin niƙa, ko wurin yin ƙanƙara a Maradi da kewaye, ya san na'urar nan da ake sakawa tsakanin wuta da inji, wadda ke tayar da shi a hankali, ta ƙara masa gudu ko ta rage. Masu aikin wuta a nan bariyata suke ce mata, waɗanda suka koyo aiki a Katsina ko Kano kuma su ce inbatar famfo. Ta yawaita tun da sola ta shiga gonaki, musamman bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, manoman rani suka ga ba za su zauna jiran wuta ba alhali shuka na ƙonewa. Na'ura ce mai amfani ƙwarai, amma abin da ya fi kashe ta a ƙasarmu shi ne zafi.

Ga inda matsalar take. Yawancin bariyatoci an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfinsu muddin iskar da ke shiga cikinsu ba ta wuce digiri 40 ba. Daga 40 zuwa 50, kamfanoni irin su ABB da INVT suna rubutawa a littafinsu cewa a rage mata kaya da kashi 1 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Akwai waɗanda ke jure 50 ba tare da ragi ba, kamar Altivar 320 ta Schneider, amma ba su ne suka fi yawa a hannun mutane ba. To a watan Afrilu da Mayu, iskar gindin bishiya ma a Maradi tana kai 40, wasu ranakun ta zarce. Ke nan tun ba ka kunna ba, rarar da aka bar maka ta ƙare. Duk digirin da akwati, ko rana, ko ƙura za su ƙara a kai, daga ran na'urar ake cire shi.

Ita kanta tana haifar da zafi. Daga wutar da ke ratsa ta, kimanin kashi 3 cikin 100 yana komawa zafi a cikinta. Mai kilowat 7.5 tana fitar da kusan wat 225 idan tana cikakken aiki, mai kilowat 15 kuma kusan wat 450. Wannan zafin dole ya samu hanyar fita. Idan bai samu ba, abu biyu ke faruwa. Na farko a fili yake: ta tsaya, ta rubuta lambar kuskure, ruwa ya yanke da tsakar rana. Na biyun shi ne ya fi damuna, don ba a ganinsa. Manyan kwandansan da ke cikinta, wato abubuwan da ke ajiye wuta, ruwa-ruwa ne a ciki, kuma ƙa'idar da masana lantarki ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Na'urar da ya kamata ta shekara goma sai ta yi biyar, ko biyu da rabi, kuma mai ita ya ce jabu aka sayar masa.

Fara da awo

Kafin ka sayi fanka ko ka kira magini, nemi ƙaramin ma'aunin zafi mai batir, irin wanda ke riƙe mafi girman zafin da ya gani a yini. Rataya shi cikin akwatin, ƙasa da bariyatar da kamar taƙi ɗaya, daidai inda take shaƙar iska. Rufe ƙofa yadda ake rufewa kullum, a bar inji ya yi aikinsa, ka dawo bayan la'asar ka karanta. Ka auna na waje ma a inuwa, ka rubuta duka biyun. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne laifin akwatinka. Idan waje 41 ne ciki 45, kana kan hanya. Idan waje 41 ne ciki 58, ka ga inda aiki yake tun ba ka taɓa na'urar ba.

Ita ma tana faɗar zafin jikinta idan ka san inda za ka duba. A jerin Goodrive na INVT, lambobin P07.11 da P07.12 da ake nema a allonta ne ke nuna shi da digiri. A Altivar 312 kuwa tHd ne, kuma da kashi cikin ɗari yake nunawa, idan ya kai 118 sai ta tsaya. Ka ɗauki wannan lambar ranar da aka kafa ta tana sabuwa, ka rubuta a bayan ƙofar akwati tare da kwanan wata da zafin waje. Bayan wata shida, idan kaya ɗaya ne, yanayi ɗaya ne, amma lambar ta hau, ƙura ta taru ko fanka ta fara gajiya. Lambobin kuskuren zafi kuma su ne OHF a Altivar, OH1 da OH2 a INVT da Delta, F0004 a Micromaster ta Siemens. Ka koya wa mai gadi ko yaron da ke kula da wurin ya gane ta injinku, ya riƙa rubuta ƙarfe nawa ta fito.

Inuwa

Rana tsaka tana sauke kusan wat 1000 a kan kowane murabba'in mita da ya fuskance ta. Akwatin ƙarfe da aka kafe a fili zai iya kwasar zafin rana fiye da wanda na'urar ke haifarwa, balle in fentinsa baƙi ne ko shuɗi mai duhu. Don haka mataki mafi araha, kuma mafi tasiri, shi ne kada rana ta taɓa akwatin ko sau ɗaya daga hantsi zuwa magariba.

Bangon yamma shi ne mafi muni, don rana na dukansa daidai lokacin da iska ta fi zafi, kuma bulon siminti yana riƙe zafin har bayan isha. Mutane kan ce a kafa a bangon arewa, kuma gaskiya ne a yawancin shekara. Sai dai mu nan muna kusa da digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa da tsakar rana. Bangon arewa ma yana son rumfa.

Idan ɗaki za ka gina wa famfo, kada ka yi ɗan ƙaramin kurkukun nan na bulo da rufin kwano, mai ƙofar ƙarfe ba taga. Na san tsoron ɓarayi ne ke sa a yi haka, kuma tsoron yana da dalili. Amma ana iya samun tsaro da iska tare: a bar ramuka a jere a ƙasan bango ɗaya, a bar wasu a saman bangon da ke fuskantarsa, a sa musu rodi da raga. Iska mai zafi ta fita ta sama, mai dama-dama ta shigo ta ƙasa. A ɗaga rufin, a yi masa silin, ko a shimfiɗa zana a samansa da tazara. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, in an tsare shi daga ruwan damina, ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba.

Masu sola kan rataya akwatin a ƙarƙashin faya-fayan, kuma dabara ce mai kyau in an yi ta daidai. Bayan faifan sola yana yin zafi sosai da rana, yana haura digiri 60. Kada a manna akwatin a jikinsa. A sauke shi ƙasa da aƙalla rabin mita, a duba ko ranar safe da ta yamma na shigowa ta gefe, in tana shigowa a kare da kwano ko zana, a bar tazara don iska ta ratsa. A yi wa akwatin farin fenti.

Akwati da iska

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mutum ya ga ƙurar garinmu, sai ya sa a ƙera masa akwatin ƙarfe a toshe ko'ina, ya saka na'urar ciki ya kulle. Ƙura ba ta shiga, amma zafi ma ba ya fita. Bari mu yi lissafi. Jikin akwatin ƙarfe mai fenti yana iya fitar da kimanin wat 5.5 a kowane murabba'in mita, a kan kowane digiri ɗaya da ciki ya fi waje. Ɗauki akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 60, zurfi 25, a manne da bango. Fuskokinsa da ke shan iska ba su fi murabba'in mita 1.2 ba, wato yana fitar da kusan wat 6.5 a kan kowane digiri. Ka sa mai kilowat 7.5 a ciki da wat 225 ɗinta: sai ciki ya fi waje da digiri 34 kafin zafin ya daidaita. Ranar da waje yake 42, ciki ya haura 70. Babu na'urar da za ta rayu a haka.

Shi ya sa za ka ji mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai buɗe ƙofar nake yi da rana, sai ta daina tsayawa." Maganarsa gaskiya ce, kuma ya nuna maka ainihin ciwon. Amma buɗe ƙofa ba magani ba ne, don yana kawo ƙura, da awaki, da hannun yara kusa da wutar da ke kisa.

Maganin shi ne fanka mai matata, wato abin tace ƙura. Ga yadda ake gane girmanta. Ka ninka wat ɗin zafin da 3.1, ka raba da yawan digirin da ka yarda ciki ya fi waje. Amsar ita ce yawan iskar da kake buƙata, da mita kubik a awa, kuma haka ake rubuta shi a jikin kwalin fanka. A ƙasashe masu sanyi suna yarda da bambancin digiri 10 ko 15. Mu ba mu da wannan sararin, ka tsaya a 5. Wat 225 sau 3.1, a raba da 5, ya ba da kusan 140. Mai kilowat 15 tana son kusan 280. Sannan ka sayi wadda ta fi lissafin da rabi ko ma ninki, domin lambar da ke kan kwali ta sabuwar matata ce mai tsabta, kuma matata a Maradi ba ta daɗewa da tsabta. In akwai wasu abubuwa masu zafi a akwatin, kamar taransifoma ko abin tace wuta, a haɗa nasu wat ɗin cikin lissafi.

Wurin da za a huda ma yana da ƙa'ida. Fanka a ƙasa, tana tura iska ciki ta cikin matata. Mafita a sama, a ɗaya gefen, ita ma da matata, kuma ta fi mashigar faɗi. Dalilin turawa maimakon zuƙowa shi ne iskar ciki ta ɗan fi ta waje matsi, sai ta riƙa fita ta kowace 'yar kafa maimakon ƙura ta riƙa shiga. Kada mashiga da mafita su yi kusa da juna, in ba haka ba iska za ta shiga ta fice ba tare da ta bi ta kan na'urar ba.

Ita bariyatar a kafa ta a tsaye, kada a kwantar. Haƙarƙarin alminiyam da ke bayanta, wanda ke fitar da zafinta, an yi shi ne iska ta bi daga ƙasa zuwa sama. A bar mata aƙalla santimita 10 sama da ƙasa, manya kuma suna son 20 ko fiye, littafinta zai faɗa. Kada a cusa dunƙulen wayoyi a bakin da take shaƙar iska. In biyu ne, a jera su gefe da gefe. In wuri ya tilasta a ɗora ɗaya sama da ɗaya, a sa farantin ƙarfe a karkace tsakaninsu don numfashin ta ƙasa kada ya shiga ta sama. In injin yana da abin ƙona wutar birki, wato wutar da inji ke mayarwa idan ana tsayar da shi, wanda ke yin zafi sosai, a fitar da shi wajen akwati gaba ɗaya, a yi masa keji.

Akwai hanyar da na fi so ga masu injin niƙa da masu matsar man gyaɗa, inda ƙura ta fi ƙarfin kowace matata. Wasu bariyatoci an yi su yadda za a yanke bayan akwati a fitar da haƙarƙarin waje, sauran jikin ya zauna ciki a rufe. Mafi yawan zafin ta haƙarƙarin yake fita, don haka akwatin na iya zama a toshe ba tare da ya dahu ba. Ko kuma tun farko a sayi mai lambar kariya daga ƙura da ruwa ta IP55 ko IP66, wadda aka ƙera don ta zauna a waje ba akwati. Ta fi tsada. Amma mai lambar IP20, wadda ita ce ta cika kasuwa, ba ta da kariya daga ƙura ko kaɗan.

Ka riƙe abu ɗaya: fanka ba ta sanyaya iska, sauya ta kawai take yi. In waje 43 ne, mafi kyawun abin da za ka samu a ciki shi ne 47 ko 48. Wanda ke da manyan na'urori a masana'anta, na'urar sanyaya ɗaki ce mafita, amma kada ta hura kai tsaye a jikin bariyatar don raɓa na iya taruwa. Akwatin sanyin nan mai aiki da ruwa da muke sawa a gidaje lokacin bazara kuwa, a nisanta shi. Danshi da ƙura in suka haɗu a kan allon lantarki, tsatsa da gajeren haɗi ne ke biyo baya.

Girman na'ura

Tunda mun yarda ciki zai kai 48 ko 50 a bazara, dole a yi lissafin ragin nan tun wajen saye. Kada ka duba kilowat kaɗai, duba amfiya. Karanta farantin da ke jikin inji ka ga amfiya nawa yake ja, ka karanta na bariyatar ka ga nawa take bayarwa, ka cire kashi 10 cikin 100. Mai ba da amfiya 17 ta koma kimanin 15 a digiri 50. In injinka na jan 16, ta yi masa kaɗan, ko da kilowat ɗinsu ɗaya a rubuce. Wannan ya fi shafar famfon cikin rijiya, don injinsa yana jan amfiya fiye da injin sarari mai kilowat iri ɗaya. Shawarata a Maradi, ka hau mataki ɗaya: injin 5.5 ka ba shi 7.5, injin 7.5 ka ba shi 11. Araha ba ta ado, kuma bambancin kuɗin bai kai na sayen wata sabuwa bayan bazara biyu ba.

Ga injin niƙa, a duba layin aiki mai nauyi a littafin, wanda ke jure kashi 150 na minti ɗaya, don lokacin da aka zuba hatsi da yawa inji kan ja wuta farat ɗaya. Wanda kuma zai ciyar da bariyata mai layi uku da wutar gida mai layi ɗaya, ya sani sai ya ninka girmanta, in ma kamfanin ya yarda da hakan. Batun tsayin wuri da littattafan ke ambata, na ragi bayan mita 1000 sama da teku, bai shafe mu ba.

Ƙura da 'yan baƙi

Kafin ka buɗe komai, ka karanta wannan sau biyu. Kwandansan ciki suna iya riƙe wuta sama da bolt 500 bayan an kashe. Kashe babban makunni, in sola ce ka raba wayar faya-fayan ma, don muddin akwai rana suna ba da wuta. Jira minti 15. Duhun allon na'urar ba shaida ba ne. A sa mita a auna tsakanin ƙafafun da aka yi wa alamar tarawa da ɗebewa, sai an ga wutar ta sauka kusan sifili a sa hannu. In ba ka da mita ko ba ka saba ba, kira mai aikin wuta.

In ka cire bariyatar da ta yi hunturu ɗaya a wurin niƙa ka leƙa bayanta da tocila, za ka ga tsakanin haƙarƙarin ya cike da garin gero da jan ƙasa, sun danƙare har sai ka sa tsinke ka ɓamɓaro su sala-sala. A wurin man gyaɗa abin ya fi muni, don tururin mai yana sa ƙurar ta yi danƙo. Na'ura a wannan hali kamar mai zazzaɓi ne aka lulluɓa wa bargo. Fankarta na juyawa, kana jin ƙararta, amma iska ba ta wucewa. A gonakin Jiratawa da bakin Gulbi kuwa, ƙurar ba ta kai haka ba, amma akwai zanzaro, wanda ke son gina ɗakinsa na laka daidai cikin ramukan haƙarƙarin, da ƙadangaren da ke shiga neman ɗumi da sanyin hunturu ya maƙale a fanka, da ɓera mai cin rigar waya. Duk ramin da waya ta shiga a toshe gefensa, duk tagar iska a sa mata raga.

Wajen sharewa, yi amfani da burushi mai laushi da abin hura iska na hannu. Hura daga sama zuwa ƙasa, akasin yadda iskar ke bi, don dattin ya koma ta inda ya shigo. Riƙe fiffiken fankar da yatsa ko tsinke kada iskar ta juya shi da gudun da ya wuce kima. Iskar kwamfaresan mai faci tana ɗauke da ruwa da mai, kuma ƙarfinta na iya ɓalle ƙananan abubuwa a kan allo, don haka in ita kaɗai ke akwai, a tsiyaye ruwan tankin tukuna, a hura daga nesa, a haƙarƙari kawai. Ruwa ko fetur kada su kusanci cikinta.

Matata kuma ka mallaki biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Ka cire mai datti ka kakkaɓe, in irin mai wankuwa ce ka wanke, ka shanya ta bushe sarai kafin ta koma. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin hazo, ka duba kowane mako. Haka ma bayan kowace guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko a Mayu da Yuni. A wurin niƙa, kwana biyu zuwa uku. Babbar shara ta na'urar gaba ɗaya kuwa, ka sa ta a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, don ta shiga bazara da numfashi a buɗe.

Fankar jikinta abu ce mai ƙarewa. A wuri mai tsabta ana ba ta shekara uku zuwa biyar, a ƙura ba ta kaiwa. Sa tafin hannu a saman na'urar tana aiki, ya kamata ka ji iska mai ɗumi na bugunka da ƙarfi. In iskar ta yi rauni, ko kana jin gurnani, ko fiffiken ba ya juyawa sakayau idan ka taɓa shi a kashe, canza ta. Ka kwafi lambar jikinta da bolt ɗinta, yawanci 24 ne ko 12, ka ajiye ɗaya a gida tun kafin buƙata. Ka lura da kibiyar da ke jikinta wajen ɗaurawa, don fankar da aka juya baya tana kawo kuskuren zafi cikin ɗan lokaci.

Saiti

Akwai zafin da ake ragewa da maɓalli kawai. Transistocin ciki suna kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kuma kowane kunnawa na haifar da ɗan zafi. Ana iya rage yawan wannan bugun: P00.14 ne a INVT, SFr a Altivar. In ka same shi a kilohaz 8, sauke shi zuwa 4. In yana 4 kuma har yanzu tana zafi, gwada 3 ko 2. Injin zai ƙara yin ƙara mai tsini, shi ma zai ɗan ƙara ɗumi, don haka a taɓa shi a ji. A gona ƙarar ba ta damun kowa. In an sa abin tace wuta tsakanin bariyata da inji, kada a sauka ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa.

Sai gudun famfo. Wutar da famfo ke ci tana hawa da sauri fiye da gudunsa, gudun ake ninkawa da kansa sau uku wajen lissafi. Wanda ya ɗaga daga haz 50 zuwa 55 don ya ƙara samun ruwa ya ɗora wa na'urar kusan kashi 33 cikin 100. Wanda ya sauke zuwa 45 ya rage mata kusan kashi 27. A makonnin da zafi ya fi tsanani, saukewa zuwa 46 ko 47 kan hana tsayawar tsakar rana, kuma ruwan da ke zuwa a hankali bai yanke ba ya fi wanda ke zuwa da ƙarfi yana ɗaukewa. Sai dai rijiya mai zurfi tana da iyakar da in an sauka ƙasa da ita ruwa ba zai hau ba, kuma masu ƙera injin cikin rijiya, irin su Franklin, suna son ya kai haz 30 cikin daƙiƙa ɗaya kuma kada ya yi aiki ƙasa da haka. Tsawaita lokacin tashi yana taimakon injin niƙa, amma kada a yi wa famfon rijiya haka daga sifili.

Mai amfani da wutar Nigelec ko janareta yana da wata dama: ya yi ban ruwa da asuba da bayan la'asar, ya huta da tsakar rana. Mai sola ba shi da wannan zaɓin, don lokacin da ya fi samun wuta shi ne lokacin da ya fi samun zafi. Shi ya sa inuwa da ƙarin girman na'ura suka fi zama dole a kansa.

Ka duba kuma ko an saita ta ta riƙa tayar da kanta bayan kowane kuskure. Wasu masu haɗawa suna yin haka don kada a riƙa kiransu. Ga kuskuren ƙarancin rana ba laifi. Ga na zafi kuwa, a cire shi, domin na'urar za ta yi ta tashi tana faɗuwa a kan iyakar ƙarfinta yini guda ba wanda ya sani.

Wuta da wayoyi

In wutar da ke shigowa ta yi ƙasa, na'urar na jan amfiya da yawa don ta biya wa inji buƙata, sai ɓangaren shigar wuta ya yi zafi. In layukan uku ba su daidaita ba, ko ɗaya ya ɗauke, kwandansa ne ke shan wahala. A auna layukan uku inji na aiki. Bambancin da ya wuce kashi 3 cikin 100 yana son a sa abin tace wuta a mashiga. Wayar da ta yi tsawo zuwa rijiya, daga mita 50 zuwa 100 ko fiye, ita ma tana ƙara wa transistoci nauyi, kuma akwai abin tacewa na mafita da ake sa mata. Sau ɗaya a shekara, bayan an kashe an jira, a bi duk sukurorin wayoyi a ɗaure. Wanda ya saki yana zafi, za ka gane shi da baƙin da ya yi ko rigar wayar da ta ƙeƙashe.

Ranar da ta tsaya

Kada ka danna maɓallin sake tayarwa nan take. Rubuta lambar kuskuren da lokacin. Bar wutar a kunne na wasu mintuna in fankarta na juyawa, don ta fitar da zafin da ya taru. Karanta ma'aunin cikin akwati. Duba matata, duba ko fankar akwati da ta na'urar duk suna aiki, duba ko rana ta samu hanyar shigowa. In duk waɗannan lafiya lau ne, tayar da ita ka kalli amfiyar da take nunawa, ka gwada da na farantin inji. Amfiyar da ta hau ba dalili tana nuna matsalar na wajen inji ne: yashi a famfo, ko boris da ya ci, ko bel da aka ɗaure fiye da kima. In kuma ta rubuta kuskuren zafi da sassafe, jikinta da sanyi, ba ta ma fara aiki ba, to abin awon zafin da ke cikinta ne ya lalace ko wayarsa ta saki. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ka gaya masa a fili ya canza abin awon, kada ya haɗe wayar don kuskuren ya ɓace.